Ba kowa ne ke son katafaren wurin wasa ba

Malam marubuci, na karanta inda ka ce ƙananan wuraren wasan yara sun zama tsohon yayi, wai yanzu sai irin su Disney World na Amurka da aka buɗe a 1971. Gaskiya ban yarda ba.

Matashi mai jini a jika, shi kam ba shi abin hawan da zai cilla shi sama ya juyo da shi kai a ƙasa, ya yi ta ihu. Amma uwa mai goyo da yara uku fa? Inuwa take nema ta shimfiɗa tabarma, tana hango ɗanta a kan lilo, ga zoɓo mai sanyi, ga wurin salla kusa. Manyan wuraren nan har otal ne a cikinsu, ga tsadar tikiti, ga dogon layi a rana. Ƙaramin yaro ma ba a barinsa ya hau wasu, don sai an auna tsayinsa.

Ku leƙa gidan zu na Kano lokacin bikin salla ku ga cika. Roƙona ga masu ƙananan wuraren, don Allah ku riƙa duba injinanku da sarƙoƙin lilo kafin yaranmu su hau.