Motar tsere da kuɗin adashi

Mutanen Amurka na da wata irin mota da suke kira hot rod, ita ce ta raba ni da zaman lafiya. Asalinta aikin marasa hali ne. A shekarun 1930, samarin kudancin Kaliforniya da ba su da kuɗin sabuwar mota sukan sayi tsohuwar Ford da arha, su ɓalle mata duk abin da zai ƙara nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi, sannan su nufi busassun tafkuna na hamadar Mojabe su yi ta tsere. Da Ford ta fito da injin V8 mai sauƙin kuɗi a 1932, abin nema ya samu. Na kalli bidiyonsu har data ta ƙare, na ce in dai rashin kuɗi ne sharaɗin shiga, ai na cika shi har da rara.

Ford ɗin 1932 ba ta cikin gadonmu. Abin da ke akwai Peugeot 504 ce ta Kawu, a ƙofar gidansa a Tudun Wada, tayoyi sun nutse, kaji sun raba ɗakuna a ciki. Ina buɗe baki ya ce, "Ɗauke ta, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka." Har ƙofa ya rako ni yana godiya.

Kada kowa ya raina 504. A 1975 aka fara haɗa ta a nan Kakuri, cikin Kaduna, kuma a shekarar ce ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Kenya. Ta ɗauki kwamishinoni, ta ɗauki amare, ta yi jigilar Kaduna zuwa Kano har hanyar ta san ta. Injinta lita biyu ne, silinda huɗu, wato rabin V8. Ni ma rabin albashi ke kai ni ƙarshen wata, mun dace.

Na nuna wa bakanikena bidiyon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, wa ya sace musu bonet?"

"Da gangan suka cire, Oga. Don ta yi sauƙi."

"To Allah ya kyauta."

Da ya buɗe injin sai ya fara lissafi yana lanƙwasa yatsu: ring, fistin, gasket, fulogi. Lagireto na yoyo, kafireta ta toshe, ɓeraye sun yi walima da wayoyi. Ya gama da yatsun hannunsa, ya aro na yaronsa. Kuɗin adashin da na kwasa ko ƙofar garejin ba su fita ba.

A nan basira ta zo mini. Su Amurkawa cirewa suke yi su jefar, ni kuwa ga masu 504 birjik suna neman kayan asali. Bamba ta gaba da ta baya, masu walƙiyar nan, suka koma kafireta. Bonet ya koma tayoyi biyu 'yan Beljiyam. Kujerar baya ta zama batir, yanzu haka tana shagon wani mai aski, in na je sai na bi layi kafin in zauna a kanta. Kujerar mai zaman banza, rediyo, marfin but, duk suka bi sahu. Tankin mai ya huje, muka cire shi, galan ya karɓi aikinsa.

Uwargida ta tare ni wani dare ina ƙirga canji.

"Baban Ummi, motar nan kullum raguwa take yi. Kuɗin cefane ma raguwa suke yi. Wai me ke ƙaruwa ne?"

"Gudu," na ce.

Ta dube ni, ta dubi tukunya, ta ce gobe sai in zuba gudun a miya.

Saura ado. A Panteka wani mai walda ya yanke salansa, ya fito mini da bututu ta gefe, ya rantse ko a Zariya za a ji ni. Hot rod kuma ba ta cika sai da zanen harshen wuta a jiki, don haka na kai ta wurin mai rubutun bayan manyan motoci. Ya zana iyakar ƙoƙarinsa, wutar ta fito kamar an shanya tattasai a ƙofa. Ya kuma ƙara mini kyauta a baya da farin fenti: "Komai nisan jifa."

Ranar da ta tashi, bayan sallar asuba ne. Akuyar maƙwabcina ta tsinke igiya. Liman ya aiko yaro a tambaya ko lafiya, wata tsohuwa kuma ta leƙo ta katanga tana tambaya ko an kawo sabon injin niƙa, tana da dawa kwano biyu.

Muka hau titi. Ina kan kujera ɗaya tilo, yaron Oga na zaune bisa bulo a gefena, rungume da galan, tiyo ya bi ta taga zuwa inji. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba a wasa da fetur, don haka na gargaɗe shi ko atishawa zai yi ya sanar da ni tukuna. Na taka totur. Ƙara dai ta Allah, sitiyari na rawa, haƙorana na haɗuwa, na tabbata mun wuce ɗari da ashirin. Sai ga wani Keke ɗauke da mata huɗu da buhun gawayi ya wuce mu a hankali, direban har da ɗago mini hannu.

Akwai abin da duk masu bidiyon nan suka ɓoye: a hamadar Mojabe ba a damina irin ta Kaduna. Hadari ya haɗo, ruwan Agusta ya sauko kai tsaye bisa injin da bonet ɗinsa ke can kan motar wani. Wayoyin fulogi suka jiƙe. Ta yi tari biyu, ta yi shiru.

Yaran unguwa suka turo mu suna waƙa, kowa da kuɗin turinsa. Muna isowa na lura da wani baban bola da ke biye da mu tun daga babban titi da kurarsa. Ya zaga motar, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya leƙa inda kujeru suke a da, ya ɗan ɗaga bayanta da hannu ɗaya, ta ɗagu.

"Yallaɓai, ni da kilo nake saye," ya ce yana girgiza kai. "Wa ya rage mata nauyi haka? Ai an cuce ka."

Na ce ba ta sayarwa ba ce, motar tsere ce.

"To galan ɗin fa?"