Taushin hannu ba ya mayar da ruwan jikin yaro

Duk kun ga bidiyon matar nan da ke dafa kan jarirai tana cewa wai tana daidaita musu ƙasusuwan kai. Ni raina ya ɓaci, don ɗiyar maƙwabciyata nan Birnin Kebbi na cikin waɗanda aka kai mata. Yarinya 'yar wata bakwai, kwana biyu tana gudawa, maɗigarta ta faɗa. Aka kwashi kuɗi aka je a shafa mata kai. Cikin dare sai da aka garzaya asibiti aka ƙara mata ruwa. Allah ya sa da sauran kwana.

Jama'a, idan maɗiga ta faɗa, ruwan jikin yaro ne ya ƙare. Babu ƙashin da ya goce. Nono yake so, da ruwan gishiri da sukari, da asibiti idan ya galabaita. Shafa kai ba ya mayar da ruwa, ko hannun ya fi auduga taushi. Idan kuma maɗigar ta kumbura ga zazzaɓi, sanƙarau ake tsoro. Mu da muka ga abin da ya yi a Gwandu da Aliero da Jega a 2025 za a ce mu tsaya jiran tausa?

Wata ta rubuto mini wai ilimi ne daga Amurka. Na sani. William Sutherland ne ya ƙirƙiro shi, ɗalibin Andrew Still wanda ya assasa osteopathy, wato jinya ta hanyar tausa da daidaita ƙashi da hannu, a 1874. Shi ya ce ƙasusuwan ƙoƙon kai suna wani motsi a hankali kamar numfashi, kuma mai hannu zai ji shi ya gyara. To masu bincike sun sa gwanayen abin su dafa kan mutum ɗaya, kowa ya ƙirga motsin da ya ji, lissafinsu ya ƙi zuwa ɗaya. Motsin da ba a yarda da ƙidayarsa ba, da me za a gane an gyara shi?

Masu cewa ai ba ya cutarwa, ku dubi sa'o'in da aka ɓata. Su ne cutar. Babba mai ciwon wuya da ke son a tausa masa kai ya samu barci, ya je, kuɗinsa ne. Jariri mai gudawa ba shi da wannan lokacin, kuma ba shi da bakin da zai ce a'a.

Uwar ba na ganin laifinta ko kaɗan. Na ga idonta a daren nan, tsoro ne kawai. Kakata ungozoma ce, ta yi shekaru tana murza jarirai da man kaɗanya bayan wanka, ban taɓa ji ta ce ta warkar da kowa ba.