Kai ne za ka riƙe kunkurun nan, ba yaron ba

Wannan bidiyon da kuke ta turo min tun jiya, na yaro ɗan shekara uku da aka saya wa ɗan kunkurun ruwa aka jefa a kwanon roba, wallahi ya ɓata min rai. Yaron ba ruwansa, shi me ya sani? Haushina na manyan da suka yi layi suna cewa su ma za su saya wa nasu, wai ai kunkuru ba ya buƙatar komai.

Wa ya gaya muku?

Ku sake kallon bidiyon, ku dubi jan layin da ke bayan idon kunkurun. Wannan shi ne irin da ake kira mai jan kunne, asalinsa kudancin ƙasar Amurka. Yau bai cika tafin hannu ba, amma macensa tana kaiwa kusan santimita 30, kuma yana yin shekara 20 zuwa 30 a duniya. Yana buƙatar babban tanki, da matatar ruwa, da busasshen wurin da zai hau ya sha ɗumi, da fitilar UVB, mai ba da wani irin haske da ake samu daga rana. Idan bai samu hasken nan ba jikinsa ba ya iya amfani da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, sai ƙoƙon bayansa ya yi laushi ya karkace. Ajiye shi kusa da taga ma ba ya magani, domin gilashi na tare wannan hasken. Yaro ɗan shekara uku ne zai yi duk wannan? Kai ne za ka yi, baban yaro. Ke ce za ki yi, maman yaro.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne inda yaron ya kai shi baki yana sumbata, ana dariya. Kunkuru yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa gudawa da zazzaɓi, ko da lafiyarsa ƙalau, a fatarsa, a ƙoƙonsa, a ruwan da yake ciki. Saboda haka ne tun 1975 Amurka ta haramta sayar da wanda ƙoƙonsa bai kai inci 4 ba, don ƙananan ne yara ke cusawa a baki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar kuma tana ba da shawarar kada a ajiye shi a gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 5. Masu cewa "mu da muka yi wasa da shi ba abin da ya same mu", ku gode wa Allah da ya tsare ku, amma kada ku mayar da sa'arku ka'ida a kan ɗan wani.

Ni ban ce kada a saya ba. Yaro mai shekara takwas ko goma da ke zuba wa dabba abinci, yana wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa ta, yana koyon tausayi da haƙuri, abin so ne. Sai dai tun ran gini ran zane. Kafin ka miƙa kuɗi ka tambayi girman da zai kai da shekarun da zai yi. Kunkurun tudu na Rasha bai cika wuce santimita 20 da 'yan kai ba, ganye yake ci, babu wahalar sauya ruwa, shi ya sa ya fi sauƙi ga mai farawa. Amma shi ma yana haura shekara 40. Yaronka zai gama makaranta, ya yi aure, ya haifi nasa, kunkurun yana nan yana jiran wanda zai ba shi ganye. Sulkata kuwa, wanda ake ruɗar mutane da kyan jaririnsa, shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu a duniya, yana wuce kilo 40, yana haƙa rami mai zurfi. Idan ba ka da fili, ka ƙyale shi. Kuma ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, kada ka karɓi wanda aka kamo daga daji.

Idan kai da kanka ba ka son kunkuru, don Allah kada ka saya. Yara suna gajiya da abu, rai kuma ba ya jira a dawo da sha'awa. A ƙarshe sai a kai shi rafi a sake, wanda hakan ne ya sa mai jan kunne ya shiga jerin halittu 100 mafiya ɓarna a wuraren da ba nasu ba.

Sannan masu shafa wa ƙoƙonsa fenti ko huda shi don a ɗaura igiya, ku ji tsoron Allah. Ƙoƙon nan haƙarƙarinsa ne da ƙashin bayansa suka haɗe, akwai jini da jijiya a ciki, yana jin zafi. Don dai ba ya iya kuka ne kawai ba ku ji ba.