Kurket na yaran firamare: a gajarta wasan, a tsawaita gasar

Ranar 20 ga Janairun 2025, a birnin Kuching na ƙasar Malesiya, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar kofin duniya ta kurket, da ratar maki biyu kacal, 65 da 63. Fili ya jiƙe a ranar, shi ya sa aka rage wasan zuwa oba 13 ga kowane ɓangare maimakon 20. Ga wanda bai san wasan ba, oba ɗaya jifa shida ne. Shekara biyar kafin nan, samarinmu sun je irin wannan gasa a Afirka ta Kudu, inda ake buga doguwar oba 50. Ostareliya ta fitar da su kaf suna da maki 61, suka ƙare a matsayi na 15 cikin ƙasashe 16, bayan sun ci Japan.

Waɗannan sakamako biyu su ne hujjar ɓangarori biyu da ke jayayya kan yadda ya kamata a koya wa yara wannan wasa. Wasu na cewa gajeren wasa shi ne ƙofar da ƙananan ƙasashe za su shiga. Wasu kuma na cewa shi ne ke lalata yaro, ya tashi bai iya haƙurin tsayawa gaban turaku ba, wato sanduna ukun da mai bugu ke karewa don kada ƙwallo ta kayar da su a fitar da shi. Ni ina tare da na farko a kan yaran firamare, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi muhimmanci a wurina.

Mu fara da agogo, domin shi ne alƙali a gidajenmu. Kurket na asali, wanda ake kira Test, kwana biyar ake yi ana bugawa. Ko T20, wato wasan oba 20 ga kowane ɓangare, da Ingila ta ɓullo da shi a 2003 don jawo 'yan kallo, yana cin wajen awa uku. To ɗauki yaro ɗan aji huɗu a Zariya ko Katsina. Ya fita boko tun da safe, ya dawo bayan azahar, ya ci abinci, ana idar da la'asar yana Islamiyya har gab da magariba. Asabar da Lahadi ma da yawa suna da hadda. Abin da ya rage masa shi ne yammacin Alhamis da na Juma'a, tsakanin la'asar da magariba, awa biyu ko ƙasa da haka. Duk wasan da bai shiga cikin wannan ɗan tsakanin ba, to uba ba zai yarda ba, kuma da gaskiyarsa.

Akwai tsarin da ya shiga. A makarantun firamare na Ingila an daɗe ana buga wani samfuri da suke kira Kwik Cricket. Yara takwas-takwas ne, a raba su biyu-biyu. Kowane biyu su buga oba biyu, sannan su ba na gaba wuri. Ƙungiya na farawa da maki 200 a hannu, duk lokacin da aka fitar da mai bugu sai a zare maki biyar, amma yaron ba ya barin fili, ya ci gaba har rabonsa ya cika. Kowa kuma sai ya yi jifa. Ƙwallon roba ce mai laushi, katakon bugun ma na roba ne, kuma cikin awa guda an gama an tafa.

Wanda bai taɓa ganin fuskar yaro ɗan shekara tara da aka fitar a jifan farko ba, ba zai gane darajar wannan tsari ba. A dokar manya, an fitar da kai ke nan, babu sake. Yaro ya yi sati yana ɗoki, ya sa uwarsa ta wanke masa farar riga, ya shiga fili, ƙwallo ta wuce ta ƙarƙashin katakonsa ta kayar da turke, shi ke nan, ya koma gindin bishiya ya zuba tagumi har a tashi. Sati na gaba za ka same shi a filin tamaula, inda ko bai iya ba zai yi gudu ya yi gumi. Shi kuwa wancan tsari yana gaya wa yaro cewa kuskurensa ya jawo wa 'yan uwansa asarar maki biyar, ga ƙwallo ta gaba nan tafe, ya gyara. Ya ji zafin kuskure, bai rasa damar koyo ba.

Haka nan tsawon filin jifa. Na manya yadi 22 ne. Hukumar kurket ta Ingila ta rage wa 'yan ƙasa da shekara 11 zuwa yadi 17, 'yan ƙasa da tara kuma 15, saboda ƙaramin hannu ba ya iya kai ƙwallo yadi 22 sai ya lanƙwasa gwiwar hannu ya wurga ta kamar mai jifar mangwaro, abin da doka ta haramta, kuma in ya zama jiki da wuya ya fita.

Sai batun kuɗi. Katakon bugu na gaske daga itacen wata bishiya ta ƙasashen sanyi ake sassaƙa shi, shigo da shi ake yi. Ƙwallon fata tana da tauri, nauyinta ya kai giram 160, ba a tsaya mata sai da hular kwano da matashin ƙwauri da safar hannu. Babu hedimastan makarantar gwamnati da zai iya sayen wannan ga yara goma sha ɗaya. Amma a lungunan Karachi ta Pakistan tuni aka warware matsalar: ƙwallon tanis ake naɗe wa salatif irin na masu gyaran wuta, ta yi santsi ta yi sauri, ba ta kuma fasa kai. Da irin wannan ƙwallo 'yan gudun hijirar Afghanistan suka koyi wasan a sansanonin Peshawar. Afghanistan ɗin da ba ta da ƙungiyar kirki a 2000, a 2024 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na T20. Kafintan unguwa zai iya fafe katakon da ya dace da wannan ƙwallo, turaku kuwa ko sandunan tsintsiya uku sun wadatar. Mu a Arewa ma muna da abin da Ingila ba ta da shi, wata biyar ko shida a jere ba ɗigon ruwa, ga filayen makaranta busassu masu tauri da ƙwallo ke tsalle a kansu.

Masu sukar gajeren wasa ba shirme suke ba. Suna kawo misalin Mumbai, inda gasar makarantu ta Harris Shield ke gudana tun 1897. A can ne a Fabrairun 1988 wasu ɗalibai biyu, Sachin Tendulkar da Vinod Kambli, suka tara maki 664 su kaɗai ba a fitar da ko ɗayansu ba. Tendulkar na da shekara 14 a lokacin, kuma yana ɗan 16 ya fara buga wa Indiya. Irin wannan juriya ba a samun ta a jifa goma sha biyu, gaskiya ne, kuma rashinta ne ya kayar da samarinmu a 2020. Sai dai yaron Mumbai kafin ya isa Harris Shield ya yi shekaru yana bugun ƙwallon roba a lungu, daga safe har a kira shi cin abinci. Namu yaron bai taɓa riƙe katakon ba. Ba a maganar koya masa haƙurin yini guda tun bai san daɗin jin ƙwallo ta daki tsakiyar katako ba. Doguwar oba tana da lokacinta, daga shekara 13 ko 14, ga waɗanda wasan ya riga ya shiga ransu.

Ga sharaɗin da na ambata. Gajeren wasa na da amfani ne kawai idan ana yawan buga shi. Mun san yadda gasar yara ke kasancewa a ƙasar nan: a kafa rumfa, a jera kujerun roba, babban baƙo ya makara awa biyu yara na tsaye a rana, a yi jawabai, a buga sili-ɗaya-ƙwale, rabin makarantun an sallame su kafin azahar, a miƙa kofi, a ɗauki hoto, sai baɗi in Allah ya kai mu. Yaron da makarantarsa ta faɗi a zagayen farko, jifa goma sha biyu ya gani a shekara guda. Kuɗin rumfa da lemon manyan baƙi kaɗai ya isa a sayi ƙwallayen da makarantu shida na unguwa ɗaya za su yi ta karawa duk Alhamis, gida da waje, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba tare da an biya kuɗin mota ba tunda da ƙafa za su je. Wasa goma ke nan ga kowane yaro, ko makarantarsa na ci ko ana cin ta. Kofin ya zo a ƙarshe, ba laifi.

Gasar lig tsakanin makarantu tana kuma rage wata cuta tamu, ƙaryar shekaru. A 2016 gwajin ƙashi ya zubar da 'yan wasa fiye da 20 daga sansanin Golden Eaglets, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, gab da karawa da Nijar. A gasar yini ɗaya ana iya ɗauko hayar ƙato mai gemu a ce ɗan aji shida ne. A gasar wata huɗu tsakanin maƙwabta, kowa ya san ɗan wane ne, ya san ajinsa.

Hukumar kurket ta Najeriya tana da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da kamfanin PwC ke ɗaukar nauyi, ana tacewa daga shiyyoyi a haɗu a Abuja, kuma ta yi amfani. Amma wanda zai yi fice a 17 a firamare ya kamata ya fara. Afirka ta Kudu ta gane haka tun farkon shekarun 1980 da shirinta na ƙaramin kurket. Wani jami'in da ke yawon kafa shirin a ƙauyukan Eastern Cape ne ya hango wani yaro makiyayin shanu a ƙauyen Mdingi, ba ko takalmi a ƙafarsa, ya miƙa masa ƙwallo. Yaron shi ne Makhaya Ntini, wanda ya fitar da masu bugu 390 a wasannin Test na ƙasarsa. Ƙauyukanmu cike suke da yaran da suka saba jifa da saiti tun suna bin awaki.

Wasan ma ba baƙo ba ne a Arewa. An buga shi a Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa, kuma Sardauna Ahmadu Bello na cikin ɗaliban da suka buga, ko da yake ya fi shahara a ƙwallon hannu ta bango. Illarsa ita ce ya maƙale a 'yan makarantun kwana na manya, bai sauko firamare ba, har aka wayi gari mutane na ɗaukarsa wasan Turawa da Indiyawa. Kaduna ce ta riƙe shi da ɗan ƙarfi. Yanzu kuwa lissafi ya canja, domin kurket zai koma gasar Olympics a Los Angeles a 2028, karon farko tun 1900, kuma samfurin T20 za a buga. Ƙasashe shida kawai za a ɗauka a ɓangaren maza, don haka kada mu yaudari kanmu da 2028. Ɗan aji huɗu na yau, a tsakiyar shekarun 2030 zai kai ƙarfinsa.

Abin da zai fi wuya shi ne malami. Yawancin malaman motsa jiki a firamarenmu ba su taɓa ganin wasan ba, wasu makarantun ma ba su da malamin sam. Dokokin samfurin yara ba su wuce shafi ɗaya ba, ana iya koya wa malamai ashirin a ƙarshen mako guda, a rubuta musu da Hausa. Amma malamin da zai tsaya a fili yammacin Alhamis bayan an tashi, alhali yana da acaɓa ko shagon da yake cike giɓin albashi da shi, sai an ba shi wani abu a hannu duk mako. Duk hukumar ilimin firamare ta jiha ko attajirin da zai ɗauki nauyin irin wannan gasa, ya fara rubuta alawus ɗin malaman nan a saman kasafinsa, kafin kuɗin kofi da na riguna.