Yadda haɗe makarantu ya kashe gasar ƙauyukan Montgomery

A shekarar 1913, ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar sakandaren Wingate, wani ƙauyen manoma a gundumar Montgomery da ke jihar Indiyana ta Amurka, ta ci kofin jihar baki ɗaya. Makarantar ko zauren wasa ba ta da shi. Sai yaran sun yi tafiyar kusan mil shida zuwa New Richmond kafin su samu wurin atisaye mai rufi. A haka suka doke South Bend, babban gari mai masana'antu, da maki 15 da 14, bayan an ƙara lokaci har sau biyar. Da shekara ta zagayo suka sake ɗaukar kofin, suka lallasa Anderson da 36 da 8, wani dogon yaro mai suna Homer Stonebraker yana jan ragamarsu.

Yau babu makarantar sakandare a Wingate. Babu a New Richmond, babu a Darlington, Linden, Waynetown, Ladoga, New Market, New Ross ko Waveland. Waɗannan ƙauyuka sun shafe shekaru da dama suna karawa da juna a rukuni guda, kowane hunturu, kuma gasar ta mutu a 1971 ba tare da an rasa 'yan wasa ko 'yan kallo ba. Makarantun da ke buga ta ne aka rufe. Ina ganin akwai hujja mai ƙarfi a rufe su, amma waɗanda suka yanke hukuncin sun lissafa abin da za a samu, suka bar abin da za a rasa a wajen lissafi.

Tsarin wasannin makarantu a Amurka ya bambanta da abin da yawancinmu muka sani. Makarantun da ke kusa da juna, masu kusan yawan ɗalibai ɗaya, sukan kafa rukuni, su tsara jadawali na gida da waje, su fitar da zakara a ƙarshen kaka. A karkarar Indiyana ta farkon ƙarnin da ya wuce, iyakar rukunin ita ce iyakar gunduma, domin hanyoyi ba su da kyau kuma ba kowa ke da mota ba. Kusan kowace ƙaramar hukumar karkara tana da sakandarenta, wani lokaci ɗaliban ajin ƙarshe ba su kai ashirin ba. Irin wannan makaranta ba za ta iya haɗa ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka mai mutum 11 da kayan kariya masu tsada ba. Ƙwallon kwando kuwa yaro biyar take buƙata, da ƙwallo ɗaya, da zobe biyu. Ga shi kuma lokacinta ya faɗo daidai tsakanin girbin masara da shukar bazara, sa'ad da yaran manoma ba su da aikin gona. Shi ya sa ta kama ƙasa a can kamar ba daga Massachusetts, jihar da aka ƙirƙiro ta, aka kawo ta ba.

Wannan yanki ne ma ya fara nuna wa jihar hanya. Crawfordsville, hedikwatar gundumar Montgomery, ita ta ci gasar jiha ta farko a 1911. Zakarun shekaru takwas na farko duk daga garuruwan da ke maƙwabtaka da juna suka fito: Crawfordsville, Lebanon, Wingate, Thorntown da Lafayette.

Daren Juma'a a waɗannan ƙauyuka ya yi kama da ranar kasuwa a ƙauyukanmu: ko ba ka da abin saye, za ka je, don a nan ake ganin kowa. Manomi da mai shago da fasto da malamin lissafi, wanda sau da yawa shi ne kocin, duk suna cikin zaure ɗaya. An gina zaurukan da yawa da kuɗin gwamnatin tarayya a shekarun 1930, lokacin da gwamnatin Roosevelt ke samar wa marasa aiki aikin yi, kuma ba abin mamaki ba ne a ga zauren da kujerunsa suka fi mutanen garin yawa. Abokin karawarka kuma ba baƙo ba ne. Ƙauyensu mil biyar ne ko goma daga naku, wataƙila ɗan ƙanwar mahaifiyarka ne, kuma ubanka ya taɓa karawa da ubansa a wannan zauren. Gasar gunduma da ake yi a tsakiyar hunturu ta fi gasar jiha daraja a wurin yawancinsu, domin ita ce kofin da suke da tabbacin za su iya ci.

Abin da ya rusa wannan tsari daga gona ya faro. A 1935 akwai gonaki kusan miliyan 6.8 a Amurka. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 sun koma ƙasa da miliyan biyu da rabi. Tarakta da injin girbi sun sa mutum ɗaya yana noma abin da a da sai iyalai uku, sauran suka kwashe 'ya'yansu suka nufi masana'antun Indianapolis da Gary da Detroit. Azuzuwa suka fara bushewa. Wingate da New Richmond sun riga saura faɗawa, inda aka haɗe su tun farkon shekarun 1950 aka kafa Coal Creek Central. Sai Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurkawa ya tashi a kan koyar da kimiyya. A 1959 James Conant, tsohon shugaban Jami'ar Harvard, ya fitar da rahoton da ya ce sakandaren da ba ta yaye ɗalibai 100 a shekara ta yi ƙanƙanta da ba za ta iya ba da ilimi mai inganci ba. A wannan shekarar majalisar dokokin Indiyana ta zartar da dokar sake fasalin hukumomin makarantu, wadda ta tilasta wa kowace gunduma ta zauna ta tsara yadda za ta haɗe nata. Cikin kusan shekara goma, hukumomin makarantun jihar suka ragu daga sama da 900 zuwa kimanin 400. A faɗin ƙasar ma haka: daga sama da 117,000 a 1940 zuwa kusan 18,000 a 1970.

A Montgomery an kammala aikin a 1971. Coal Creek da Darlington da Linden da Waynetown suka narke cikin North Montgomery. Ladoga da New Market da New Ross da Waveland suka shiga Southmont. Da Crawfordsville, gundumar ta rage da sakandare uku, kuma ba a yin rukuni da makaranta uku. Daga baya duk suka tsinci kansu a rukunin Sagamore, suna hawa bas zuwa wasu gundumomi.

Masu goyon bayan haɗewar ba mugaye ba ne, kuma ba zan yi musu ƙage ba. Makarantar da malami ɗaya ke koyar da lissafi da kimiyya da tarihi, sannan ya zama koci da yamma, tana cutar da yaron da ke son zama likita ko injiniya. Babu ɗakin gwaje-gwaje, babu harshen waje, ɗakin karatun kuma kabad biyu ne. Ba daidai ba ne a riƙe yaro a irin wannan wuri domin manyan gari su samu abin kallo ranar Juma'a. Akwai kuma abin da masu begen wancan zamani ba su cika faɗa ba. Gasar ta maza ce zalla. Sai bayan dokar tarayya ta 1972 da ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantu ne 'yan mata suka samu gasar jiha tasu, a 1976, wadda makarantar garin Warsaw na Indiana ta ci. Makarantun baƙaƙen fata da na Katolika kuwa an hana su shiga gasar jiha har zuwa farkon shekarun 1940. Da aka buɗe ƙofar, Crispus Attucks ta Indianapolis, makarantar baƙaƙe zalla, ta ɗauki kofin a 1955 da 1956 tare da ɗan wasanta Oscar Robertson. Duk wanda zai yi kukan tsohon tsari, ya haɗa da wannan a kukansa.

Amma a duba ɗaya gefen. Makarantu takwas na nufin ƙungiyoyi takwas, kowace da yara biyar da ke fara wasa, wato yara 40 a fili kowane dare, ban da na benci. Bayan 1971 waɗannan takwas ɗin suka koma biyu, yara goma ke nan. Sauran talatin ɗin ba su daina son wasa ba, gurbi ne babu. Yaron da a Waveland zai sa riga ya fito gaban kakarsa, a Southmont sai ya zauna cikin 'yan kallo, in ma ya samu mai kai shi. Haka abin yake ga ƙungiyar kaɗe-kaɗe da wasan kwaikwayo da shugabancin ɗalibai. Ƙaramar makaranta tana buƙatar kowane yaro, har wanda bai iya sosai ba, kuma yaron da aka buƙace shi daban yake tashi da wanda aka tace aka ajiye. Wannan ma tarbiyya ce, ko da ba ta fitowa a takardar jarrabawa.

Sai kuma garin kansa. Thomas Lyson na Jami'ar Cornell ya yi nazarin ƙauyukan jihar New York, ya wallafa a 2002 cewa ƙananan ƙauyukan da suka riƙe makarantunsu sun fi waɗanda suka rasa tasu darajar gidaje da ingancin abubuwan more rayuwa. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalili. Sababbin makarantun galibi a tsakiyar gonaki aka gina su, a bakin babbar hanya, don kada wani ƙauye ya ce an fifita wani. Adalci ne ta wata fuska, amma sakamakonsa shi ne babu garin da ya ci gajiyar taron. Mai gidan abinci da mai sayar da man fetur a Ladoga sun rasa daren da ya fi kawo musu ciniki, kuma matashin da ke neman inda zai zauna da iyalinsa ba ya zaɓar garin da ba makaranta.

Jihar ta ci gaba da riƙe wani ɓangare na tsohon ruhin ta hanyar gasarta ta bai ɗaya, inda ƙarami da babba ke shiga tukunya guda. A 1954 makarantu 751 suka shiga, kuma makarantar ƙaramin garin Milan, mai ɗalibai 161, ta doke Muncie Central da 32 da 30 da jifan ɗan wasanta Bobby Plump a daƙiƙun ƙarshe. Daga nan babu makaranta mai irin wannan ƙanƙanta da ta sake cin gasar ta bai ɗaya. Bayan kakar 1997 hukumar wasannin makarantun jihar ta raba gasar gida huɗu bisa yawan ɗalibai. Mutane da yawa sun ɗora wa wannan hukunci laifin sanyin da gasar ta yi, ni kuwa ina ganin sun makara da zargin. Yawan makarantun da ke shiga ya riga ya faɗo daga kusan 800 a ƙarshen shekarun 1930 zuwa kusan rabin haka. Ƙauyukan da za su haifi wata Milan an riga an rufe makarantunsu shekara ashirin ko talatin kafin nan.

Abin da ya fi damuna shi ne akwai hanyar tsakiya, kuma an san ta. A 1934 wani malami a Chester ta jihar Nebraska, Stephen Epler, ya ga makarantarsa ba za ta iya haɗa mutum 11 ba, sai ya ƙirƙiro ƙwallon ƙafar Amurka ta mutum shida, wadda har yau ƙananan makarantu ke bugawa a Texas da Montana da Nebraska. Wasu jihohin sun yarda makarantu biyu su haɗa ƙungiya ɗaya kowace tana riƙe da azuzuwanta, ko su yi tarayya a malamin kimiyya guda. A Montgomery ma ana iya gina ɗakin gwaje-gwaje a wuri ɗaya, a bar gasar gunduma ta ci gaba tsakanin ƙungiyoyin ƙauyuka a tsofaffin zaurukansu, ko da a matakin ƙananan azuzuwa ne. Dokar 1959 ta auna yawan ɗalibai da ƙarfin harajin kowace hukuma, kuma da waɗannan ma'aunai biyu aka yanke wa Darlington da Waveland hukunci.