Taron zuri'a: layi ɗaya tak aka ba kaka

An sake shiga kakar taron zuri'a a Zariya. A kama zauren taro, a ɗinka anko, a buga kalanda da ɗan kundi mai sheƙi, sannan bishiyar zuri'a ta taso daga wani malami da ya zo daga gabas, ta bi ta kan maza zalla har ta dire kan Alhajin da ya biya kuɗin bugu. Tsohuwar da ta shekara sittin tana riƙe da gida a ƙauyen Giwa ko Soba kuwa, layi ɗaya aka ba ta: mace ce mai haƙuri, Allah ya jiƙanta. Amin. To, haƙurin me ta yi?

Masu shirya kundin za su ce nasaba ta uba ce. Ba mu ja ba, amma ai da hannunsu suka rubuta "tarihi" a bangon littafin.

Abin kunyar shi ne a ƙasar nan ta Zazzau aka nuna yadda ake yi. Tsakanin 1949 da 1950 Baturiya Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta rubuta rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954. Har gobe masana na komawa kansa don sanin aure, bauta da zaman gandu. Mu da muka gaji tsofaffin, hoto kawai muke ɗaukar su.

Kaka ba haƙuri kaɗai ta sani ba. Ita ta san kwana nawa kalwa ke yi a rufe kafin ta zama daddawa, da yadda sanyin hunturu ke ja mata lokaci. Ta gurje auduga, ta shiɓe, ta kaɗa zare da mazari ta sayar wa masaƙa. Ta soya gyaɗa, ta matse mai, ta tura yarinya talla da ƙuli-ƙuli, kuɗin ya zama akuya, akuya ta zama kwanukan jeren 'ya. A gidaje da yawa wannan jarin ne ya cike giɓi duk shekarar da rumbun maigida ya ƙare kafin sabon hatsi.

Ɗaukar labarin nan ma yana da ƙa'ida, kuma nan ake ɓarin garin. Ɗan fari ya zo da waya ya kafa wa uwarsa tambayoyi, alhali ko sunansa ba ta faɗa, balle na mijinta. Jika ake turawa, don tsakaninsu akwai wasa, bakinta zai buɗe. Sunayen da kunya ta hana ta faɗa, a nema wajen ƙanwarta ko kishiyarta. Kada a tambaye ta shekara, ba da ita take lissafi ba. A tambaye ta wa take goyo da aka kashe Sardauna, wato 1966. Da aka canza fam zuwa naira a 1973, tana gidan wa? Aurenta na fari zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru ne ko Sarki Aminu, wanda ya hau a 1959? Farin 1973 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975 ma ba manomiyar da ta manta su. A kuma rarrabe ɗan ciki da ɗan riƙo, a bi aurenta ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba kundin zai liƙa wa mutum uwar da ba ita ta haife shi ba. Ladi ko Talatu sunan rana ne, a binciko na yanka.

Zama huɗu ko biyar na rabin awa ya fi wuni guda da zai gajiyar da ita. Muryar da aka naɗa kuma kada a bar ta a zauren WhatsApp, waya na ɓata ta tafi da ita.

Kwamitin da ya iya tara kuɗin anko da ruwan roba ba zai rasa na motar jika ɗaya zuwa Hunƙuyi ba. Sauran aikin, sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, a je a ƙwanƙwasa.