Janareta mai shan ruwa: bam muke tafa wa a tsakar gida

Sau uku cikin mako guda aka turo mini bidiyon nan, na ƙarshen ma a zauren WhatsApp na danginmu. Wani matashi ne tsugune a tsakar gida, ga jarkar roba da ruwa a gabansa, wayoyi biyu sun taso daga batirin mota sun nutse a ciki, siririn tiyo kuma ya fita ta murfi ya nufi kafireton wani ƙaramin janareta. Ya ja igiya, inji ya tashi, wai da ruwa maimakon fetur, mai ɗaukar bidiyo ya yi kabbara. Ni kuwa idona na kan yaran da suka kewaye shi, sun kai goma, har wata 'yar ƙarama ta dafa jarkar tana leƙen kumfar da ke tasowa.

Na rubuta a zauren cewa wannan ganganci ne. Kafin la'asar an gama yanke mini hukunci. Wani ƙanena ya ce, "Yaya, matsalarku ke nan 'yan boko, da Bature ne ya yi da tuni kun tafa." Goggonmu ta rufe taro da cewa hassada ga mai rabo taki ce. To, tunda an ba ni sarautar mahassada, bari in riƙe ta da kyau.

Kumfar da yarinyar nan take leƙe iska ce iri biyu, haidurojin da oksijin, waɗanda lantarki ya raba daga ruwa. A masana'antun da ake wannan aiki da gaske, ba a wasa da hana su sake haɗuwa. A jarkar matashin kuwa tare suke tasowa, kashi biyu na wannan, kashi ɗaya na wancan, wato daidai haɗin da ya fi kowanne muni wajen fashewa. Ga abin ƙonawa, ga abin da zai hura shi, duk a rufe cikin roba ɗaya. Tartsatsi kawai ake jira.

Kuma ba wani babban tartsatsi ba. Gas ɗin girki yana kama wuta ne idan yawansa a cikin iska ya faɗa tsakanin kusan kashi 2 zuwa 10 cikin 100. Shi haidurojin daga kashi 4 har 75 duk nasa ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin goma na tartsatsin da tururin fetur ke buƙata ya ishe shi. Ɗan ƙyas ɗin nan da kake ji idan ka tuɓe rigar sanyi lokacin hunturu, shi kaɗai ya wadatar. Ba shi da wari balle hanci ya gargaɗe ka (na girki ma da gangan ake sa masa wari), kuma harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana. Idan inji ya yi tari sau ɗaya, wutar tiyo za ta bi ta koma jarka kafin ƙiftawar ido.

A watan Maris na 2016, a Jami'ar Hawaii da ke Amurka, wata mai bincike da ta riga ta gama digirin digirgir tana aiki da tankin ƙarfe mai ɗauke da haidurojin da oksijin da wata iska ta uku. Tankin ya fashe, ta rasa hannu. Masu binciken haɗarin sun ɗora alhakin a kan irin wannan tartsatsin na gogayya. A ɗakin gwaje-gwaje na jami'a ke nan fa. Mu kuma jarkar man gyaɗa muke yi wa kabbara, kusa da murhu.

Da a ce abin yana aiki, da sai a ce an yi kasada don riba. Ba ya aiki, kuma ba zai yi ba. Ruwa shi ne abin da ke saura bayan haidurojin ya ƙone, tokarsa ce. Wanda ya ce zai tada inji da ruwa daidai yake da matar da ta ce za ta tuƙa tuwo da tokar jiya. Wutar da ake kashewa wajen raba ruwan ta fi wadda ake samu idan aka ƙona iskar, sannan injin ya zubar da mafi yawan abin da ya rage a matsayin zafi. Ƙarfin daga batir yake fitowa, batir kuma da wutar NEPA ko fetur aka yi cajinsa. Injin da ya tashi a bidiyo, ina kyautata zaton ragowar fetur ɗin kafireto yake lasa, shi ya sa ba a taɓa nuna mana shi ya yi awa guda yana aiki. Su ma masu cewa da Bature ne da mun tafa, ai Baturen ya yi. Stanley Meyer na jihar Ohio ya shekara da shekaru yana tallar mota mai shan ruwa, a 1996 kotu ta ce zamba ce, ta umarce shi ya mayar wa masu zuba jari kuɗinsu.

Na san abin da ya kawo mu nan. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024. Mai aski da mai cajin waya dole su nemi mafita. Amma gudun gara ne ake faɗa wa zago. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da iskar CNG (gas ɗin da ake matsewa a tukunya don mota ta sha maimakon fetur) a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata, hukumar da ke kula da shirin CNG na gwamnati ta ce tukunyar haɗin walda ce da ba a amince da ita ba. Matsin iskar CNG ya ninka na tayar mota kusan sau ɗari. Wani ne ya dubi ƙarfe da ido ya ce zai ɗauka.

Matashin ba shi nake zargi ba, yana da kai da hannu, jagora ya rasa. Haushina na kan manyan da ke zuga shi: shafukan Facebook masu farautar mabiya, da ɗan jaridar da zai saka shi a shirin "matasa masu fasaha" bai kira ko malamin kimiyya na sakandare ɗaya ya tambaya ba, da ɗan siyasar da zai miƙa masa ambulan a gaban kyamara. Ranar da jarka ta tashi, su ne za su fara rubuta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Masu cewa gargaɗi na kashe basira kuwa, su fara kai jarkar ɗakin da 'ya'yansu ke kwana, sai mu yi magana.

Kwalejojin fasaha da ke kusan kowace jiha su buɗe wa irin waɗannan yara ƙofar wuraren aikinsu, ko ranar Asabar ce. NASENI, hukumar tarayya ta bunƙasa kimiyya da ƙere-ƙere, wadda aikinta ke nan, ta fito ta faɗi gaskiya da Hausa.

Shekaranjiya matar ƙanen nawa ta kira ni. Wai ɗansu na aji uku a sakandare ya ɗauke tsohon batirin babur daga zaure, yana kuma cigiyar jarkar da ba a amfani da ita.